Ina so in gina ƙaramin jirgin Victory da katako: ta ina zan fara?

Wani kafinta daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce shekararsa 12 yana haɗa gadaje da kujeru, ya ga hoton ƙaramin samfurin jirgin yaƙin Ingila mai suna Victory, an yi shi da katako har da igwoyinsa da igiyoyinsa, abin ya shiga ransa. Yana so ya san ta inda zai fara, wane katako zai nema, kuma ko sai ya yi odar kaya daga waje.

Malam, sannu da ƙoƙari. Amsar da zan fara ba ka ba za ta yi maka daɗi ba: kada ka fara da Victory. Ba raina hannunka nake yi ba. Wanda ya shekara 12 yana riƙe da zarto ya fi yawancin masu shiga wannan sana'a sanin halin katako. Lissafi ne kawai zan yi maka, kai ma ka yanke hukunci.

An aza harsashin Victory a Chatham da ke Ingila a 1759, aka tura shi ruwa a 1765. Ya ci itatuwa wajen 6,000, mafi yawansu oak, wani itace mai tauri. A yaƙin Trafalgar, ranar 21 ga Oktoba 1805, inda aka harbe Nelson, kwamandan rundunar jiragen yaƙin Ingila, a kan jirgin, igwa 104 yake ɗauke da su. Igiyoyin da ke riƙe da jigajigansa da filafilansa, wato dogayen turakun nan uku da manyan ƙyallayen da iska ke turawa, sun kai mil 26, kusan kilomita 42. A 1780 an lulluɓe cikinsa na ƙarƙashin ruwa da farantan jan ƙarfe 3,923 saboda tsutsar teku mai cin katako. To idan ka rage shi sau 72, wanda ɗaya ne daga cikin ma'aunan da ake sayar da kayansa a kai, igwoyin nan 104 ba su ragu ba, ƙanƙancewa kawai suka yi. Igiyar ta koma zare fiye da mita 500, kowane da inda ya taso da inda aka ɗaure shi. Kowane farantin jan ƙarfe ya koma milimita 17 a tsawo, 5 a faɗi, kuma da ɗai-ɗai za ka liƙa su. Samfurin da kansa, daga tsinin sandar goshi zuwa ƙeya, ya kusa mita ɗaya da rabi. Aikin shekaru ne ga wanda ya riga ya ƙware. Na ga gangar Victory da yawa a saman kabad, an rufe rabin ciki an bari, ƙura ta hau. Masu su duk sun iya aikin hannu. Abin da ya kayar da su shi ne sun koyi darasin farko a kan jirgi mafi wuya.

Abin da nake ba ka shawara shi ne jirgi mai jigo ɗaya, irin wanda Ingilishi ke kira kota. Akwai ɗaya mai suna Sherbourne, an gina shi a Woolwich a 1763 don farautar 'yan fasa-ƙwauri a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa. Wanda ya zana shi, Thomas Slade, shi ne dai ya zana Victory. Ka ga ba ka bar gidan ba, ƙanen ka fara ɗauka kafin yayan. Gangarsa ba ta kai mita 17 ba, don haka a ma'aunin 1:64 ba ta wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. Amma duk abin da zai ba ka wuya a Victory yana nan a jikinsa: lanƙwasa katako a goshi, jera daɓen sama, ƙafafun igwa, tsanin igiya. Bambancin shi ne kuskure a nan mako guda zai ci maka, can kuwa wata shida. Wani abin kuma, in kana cikin masu ƙyamar sassaƙa surar mai rai, kota ba shi da mutum-mutumi a goshi, ka huta da wannan tunanin.

Bari mu tsaya a kan ma'auni, don shi ne ya raba samfuri da abin wasan yara. In an ce 1:64, kowane santimita ɗaya a teburinka santimita 64 ne a jikin jirgin gaske. Maginan jiragen sojan ruwan Ingila na ƙarni na 17 da na 18 sun fi yin nasu a 1:48, wato kwatan inci a madadin ƙafa ɗaya, kuma da yawa daga cikin waɗannan samfurori suna nan a gidan tarihin harkokin teku da ke Greenwich a Landan. Kai dai ka zaɓi ɗaya ka riƙe shi har ƙarshe. Dabarar da nake koya wa kowa ita ce ka yanka ɗan mutum na kwali. Mai tsawon santimita 170, a 1:64 bai kai santimita 3 ba. Ajiye shi a kan daɓen jirgin. Duk abin da ka ƙera, tsayar da shi kusa da shi ka duba. In matakalar tsani ta kai masa ƙugu, ko igiya ta fi cinyarsa kauri, ka san ka kauce, ko da abin ya yi kyau a ido.

Zanen jirgi iri uku ne, kuma sai ka iya karanta su tare. Ɗaya yana nuna jirgin daga gefe, ɗaya daga sama, na ukun kuma kamar an yanyanka shi gunduwa-gunduwa kamar burodi ana kallon kowace gunduwa daga gaba. Wannan na ukun shi ne zai ba ka siffar haƙarƙarin da za ka yanka. Gidan tarihin Greenwich yana riƙe da ainihin zanen jiragen sojan ruwan Ingila masu ɗimbin yawa, ana iya ganin hotunansu a intanet, ana kuma sayen kwafi. Duk zanen da ka buga a shagon kwamfuta, sa rula ka auna layin ma'aunin da ke jikinsa kafin ka yanka komai. Injin buga takarda yakan rage ko ya ƙara kaɗan ba tare da ya yi maka sallama ba.

Kamfanoni irin su Caldercraft da Amati da Artesania Latina da OcCre suna sayar da kwali mai ɗauke da komai, an riga an yanka haƙarƙarin. Yana rage wahala, amma in ka haɗa kuɗinsa da na jigila da na kwastan, sai ka yi tunani sau biyu. Kai da kake kafinta, zane kawai kake bukata. Abin da ma zai ba ka dariya shi ne wani ɓangare na katakon da ke cikin waɗannan kwalaye daga Afirka ya tafi. Sapele da mansoniya da obeche duk itatuwan dazuzzukanmu ne na kudu, an kai su Turai an tsaga siriri, an sa a leda, a dawo maka da su da kuɗin waje.

Ka'idar zaɓen katako ɗaya ce: jijiyarsa ma sai ta shiga ma'auni. Loko da madaci suna da kyau a ƙofa, amma ramukan jikinsu manya ne. In ka rage jirgi sau 64 ka bar ramin yadda yake, ɗan mutumin kwalinka zai iya zura yatsa a ciki. Shi ya sa Turawa ke son itacen pear na ƙasarsu (ba fiyar wajenmu ba) da bokswud, masu jiki a tsuke kamar sabulu. A 'yan katako na wajenmu, obeche yana da laushi, yana lanƙwasuwa, ya dace da shimfiɗar farko ta fallayen jikin jirgi, wadda za a rufe da ta biyu. Malaina da ta bushe sosai tana da haske, tana yin daɓe mai kyau. Mansoniya tana yin shimfiɗar waje, sai dai ƙurarta tana da illa ga hanci da ƙirji, ka ɗaura ƙyalle in za ka goge ta. In ka dace da baƙar zuciyar kanya, ajiye ta don ɗamarar nan mai kauri da ke zagaye gefen jirgi. Ƙashin baya da haƙarƙari kuwa filawud mai kaurin milimita 4 ko 5 ya isa, muddin bai karkace ba. Aza shi a kan gilashi ka gani kafin ka biya.

Yanzu ga inda aikin yake. Ka yanka ƙashin baya, ka yi masa tsaga-tsaga, ka zura haƙarƙari a ciki, kowane a tsaye cak, ka duba da sukwaya kafin gam ya kama. Daga nan sai abin da sababbi suke tsallakewa saboda ɗoki. Bakin kowane haƙarƙari a miƙe zarto ya bar shi, alhali jikin jirgi lanƙwasa yake yi. A tsakiya ba matsala, amma wajen goshi da ƙeya fallen katako zai taɓa kusurwar haƙarƙarin kawai, sauran ya rataye a iska. Dole ka goge bakin kowane ɗaya a karkace har falle ya kwanta a kansa gaba ɗaya. Liƙa sanfefa a jikin doguwar sanda mai ɗan lanƙwasuwa wadda za ta haye haƙarƙari uku ko huɗu a lokaci guda. Goge kaɗan, aza siririn falle na gwaji, duba ta ƙasa ko haske yana wucewa. Inda ya yi tudu ka rage, inda ya yi kwari ka liƙa ɗan katako ka sake gogewa. Ni nakan yi kwana huɗu ko biyar a kan wannan kaɗai, kuma wanda ya shigo ba zai ga na yi komai ba. Sai dai duk wani ƙusumbi da ka bari a nan zai fito a shimfiɗar farko, ya fito a ta biyu, fenti ma ya ƙara tona shi. A goshi da ƙeya, inda lanƙwasar ta fi tsanani, cike tsakanin haƙarƙarin da gutsuren obeche ka sassaƙa shi ya bi siffar, don fallaye su sami wurin kwanciya.

Sai rufe ciki. Ka ɗauki ƙwarya ka duba: bakinta faɗi, gindinta tsuke. Haka jirgi yake, tsakiyarsa ta fi goshinsa faɗi nesa, amma yawan fallayen da suka ratsa tsakiya su ne za su isa goshi. Ke nan kowane falle sai ya sirance yana tafiya. Yanka siririyar takarda, kwantar da ita a bakin haƙarƙarin tsakiya daga ƙashin baya zuwa sama, ka auna. A ce ka sami milimita 80, fallenka kuma 4 ne, fallaye 20 ke nan. Je ka haƙarƙarin kusa da goshi ka auna, a ce 56. Raba 56 gida 20, ya ba ka 2.8. Wannan shi ne faɗin kowane falle a daidai wurin. Yi haka a kowane haƙarƙari, ka ɗiga alamomin da fensir, sannan ka fere kowane falle ya bi alamarsa. Maginan gaske suna da doka biyu da ya kamata ka riƙe: falle ba ya sirancewa ƙasa da rabin faɗinsa, kuma ba ya ƙarewa da tsini kamar mashi, don ba inda za a kafa masa ƙusa. In wuri ya matse a goshi, sai a haɗe fallaye biyu su koma ɗaya. In ya buɗe a ƙeya, sai a saƙa wani gajere a tsakani. Masu duba samfuri da idon sani nan suke fara kallo, kafin igwa, kafin tuta.

Kada ka tilasta wa falle da fil ko da ƙarfin gam. Jiƙa shi na ɗan lokaci, aza shi a kan gwangwani ko wani abu mai irin lanƙwasar da kake so, bi shi da dutsen guga mai zafi. Zafin ne ke sa katako ya saki jiki, ruwan yana kai zafin ciki ne kawai. Bar shi ya bushe sarai kafin ka liƙa. Falle mai kyau shi ne wanda in ka aza shi ya zauna da kansa ba ka danna ba. Kuma in ka sa ɗaya a dama, sa ɗan'uwansa a hagu kafin ka ci gaba. Wanda ya rufe gefe guda duka, zai wayi gari ƙashin baya ya karkace kamar ayaba. Farin gam na kafintoci, irin Top Bond, shi ne abokin aikinka, don yana ba ka lokacin gyara, in ka yi kuskure kuma ruwa da zafi suna sake shi. Sufa gulu sai a wurin haɗa ƙarfe da katako. Yana shiga jikin katako ya bar tabon da banish ba ya rufewa.

Akwai abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba, don ba su san hunturunmu ba. A Zariya ko Kano, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a Janairu, ya haura 70 a Agusta. Katako yana shan wannan yana kumbura, yana fitarwa yana tsukewa, kuma ta faɗi yake motsi, ba ta tsawo ba. Jirgina na biyu a cikin damina na rufe shi, da katakon da na sayo a makon. Ya yi sumul har ina kiran maƙwabta su gani. Da iskar hunturu ta kaɗa, wata safiya na tarar da layuka sun buɗe tsakanin fallaye, ana hango haƙarƙari ta ciki. Tun daga nan nake tsaga fallayena in ɗaure su a miƙe, in bar su su ga hunturu guda a ɗakin da zan yi aikin. Ina rufe ganga a lokacin rani, kuma ina shafa banish ta ciki kafin in rufe daɓen sama, don kada fuska ɗaya ta sha danshi ɗayar ba ta sha ba. Zare ma haka, sai dai nasa a juye yake. Zaren auduga yana tsukewa da danshi, yana saki da bushewa. In ka ɗaure shi tam a Janairu, a Agusta zai ja jigo ya sunkuyar da shi. Zaren roba na teloli bai damu da yanayi ba, shi nake amfani da shi, in ja shi a kan kakin zuma don gashinsa ya kwanta.

Igiyoyin jirgi kashi biyu ne. Masu riƙe jigo ba sa motsi, ana shafe su da kwalta, don haka launinsu ƙasa-ƙasa ne mai duhu sosai. Waɗanda ake ja don ɗaga filafilai ko juya su kuwa launin igiyar rama suke. Farin zare fat ba shi da wuri a jirgi. Kaurinsu ma ba ɗaya ba ne, na ƙasa sun fi na sama, kuma samfurin da aka yi wa zare iri ɗaya tun daga ƙasa har ƙoli ana gane shi daga bakin ƙofa. Tsanin igiyar da matuƙa ke takawa su hau jigo, tazararsa wajen inci 14 ce, wato milimita 5 da rabi a 1:64. Ja layuka a kwali da wannan tazarar, saƙala shi a bayan igiyoyin, ka bi layi kana ƙullawa. Fara ɗaurin daga tsakiyar jirgi zuwa waje, daga ƙasa zuwa sama, in ba haka ba hannunka zai rasa hanyar shiga. Filafilai kuwa, shawarata ka bar su a karon farko. Babu yadin da saƙarsa ta yi ƙanƙantar da ma'auni ke nema, kuma suna ɓoye aikin igiyar da ka sha wuya a kai.

Kayan aiki ba su da yawa: reza mai kaifi, ƙaramin zarto irin na maƙeran zinariya, ƙananan magagari, matsefata, abin huji siriri da ake murzawa da yatsu, ma'aunin kauri irin na makanikai, da maƙalan shanya. Duk wanda ya ce sai da injin waje, tuna masa fursunonin Faransa da aka tsare a Ingila a yaƙe-yaƙen 1793 zuwa 1815. Da ƙasusuwan naman da ake ba su suka riƙa ƙera jirage, da kayan aikin da suka haɗa da kansu, suna sayarwa a kasuwar kurkuku. Yau waɗannan jirage suna gidajen tarihi.

Ranar da ka dawo kan Victory, tambayar farko da za ka amsa ita ce Victory na wace shekara. Wanda aka tura ruwa a 1765 yana da barandu a buɗe a ƙeya. A babban gyaran 1800 zuwa 1803 aka rufe su da tagogi, aka sauya adon goshi. Wanda ke tsaye a busasshiyar tashar Portsmouth tun 1922 an yi ta gyara shi don ya koma kamannin 1805. Ko launinsa ma, an daɗe ana shafa masa rawaya mai ƙarfi da baƙi, sai a 2015 binciken tsofaffin ɓawon fenti ya nuna cewa na lokacin Trafalgar ya fi haske, har yana ɗan karkata zuwa ruwan hoda, aka sake masa fenti. In ka ɗauki ƙeyar wata shekara ka haɗa da fentin wata, ka gina jirgin da bai taɓa shiga ruwa ba.

Abu biyu kafin in bar ka. Kada ka zuba igwa ko anga da darma. A cikin rufaffen akwati, tsamin da katako da gam ke fitarwa yana cin ta har ta koma farin gari. Yi amfani da tagulla ko katako. Kuma ka yi wa jirgin akwatin gilashi tun kafin ka fara ɗaura zare, don ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin igiyoyi ba tsumman da zai fitar da ita, ga yara, ga kyankyasai masu son gam. Bar 'yar kafa a ƙasan akwatin don iska ta riƙa zagayawa, kuma kada ka ajiye shi jikin bangon da gara ke bi.

Wannan makon, je ka 'yan katako ka zaɓo obeche da malaina busassu, ka tsaga su milimita 4 a faɗi, ɗaya a kauri, ka ɗaure ka ajiye. In ka kafa haƙarƙarin ka goge, kafin ka liƙa falle ko ɗaya, aza na gwaji a wuri uku, sama da tsakiya da kusa da ƙashin baya, ka ɗauki hoto daga goshi ka turo mini in gani.